Baba, Gwaggo Ta Daina Tashi, Inna Ta Daina Ci

Zuwa ga mahaifina, Malam Sule Direba.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa irin ta 'ya ga mahaifinta, da fatan Allah Ya yalwata maka makwancinka, Ya sa haske a cikinsa. Ni ce Uwani. Na san babu mai kai saƙo inda kake, na kuma san waɗanda za su karanta wannan a wayoyinsu ne kawai za su ji ni. To amma tun ina ƙarama, in abu ya fi ƙarfina gabanka nake zuwa in tsuguna, kuma har na girma ban koyi wata hanyar ba. Ka yi haƙuri, wasiƙar za ta yi tsawo.

Baba, Gwaggo ta kwanta. Ba ƙanwarka ta Mai'adua ba, ita tana nan garau tana faɗa da jikokinta. Motarka nake nufi, shuɗiyar a-kori-kurar nan da ka sa wa suna Gwaggo saboda ba ta tashi da safe sai ta gama mita. Injinta ya buga. Kuma tun ranar da ya buga, Inna ba ta ƙara sa tuwo a bakinta ba. Ruwa kawai take kurɓa, shi ma sai na yi ta lallashi. Shekaranjiya da na ɗaga ta zan canja mata zane, da hannu ɗaya na ɗaga ta. Tsoro nake ji, Baba, irin wanda ban ji ba ko a ranar da aka fita da kai.

Bari in tuna maka yadda abin yake, ko da yake kai ka fi kowa sani, don masu leƙen wasiƙar nan su gane abin da ya haɗa tsohuwar mota da cikin tsohuwa.

Gab da magariba kake dawowa daga kasuwa, yau Babban Mutum, gobe Mai'adua, bayan motar cike da buhunan gero, wani lokaci da awaki a kai suna kuka. In ka sauke kaya sai ka karyo kwanar lungunmu, ka matso da Gwaggo jikin bangon ɗakin Inna har madubi ya kusa gogar ƙasa. Kafin ka kashe sai ka ba ta wuta sau biyu, ka ce don ta kwana da mai a maƙoshi. Wannan wutar ita ce sallamarka ta farko. Bango ya ɗauki rawa, kwanukan Inna da ke jere a kan katako su hau kaɗawa, murafe suna ƙaf-ƙaf-ƙaf. Ko me Inna take yi sai ta ajiye ta ce, “Uwani, ga Malam nan, a fitar da tuwo.”

A zaure kake ci bayan salla, kai da duk wanda Allah Ya kawo. Kuma ba ka taɓa cinye kwanonka ba. Daga gefen dama kake gutsura, ka bar rabin malmala a hagu, ka tura tsokar nama ƙarƙashinta ka ɓoye. Wannan ragowar ita ce abincin daren Inna tun kafin a haife ni. Ga tukunya cike, ita ta tuƙa da hannunta, amma ba za ta ɗiba ba. Mun yi mata tsiya har mun gaji. Yaya Kabiru ya taɓa ce mata, “Inna, ranar da Gwaggo ta lalace a daji fa?” Ta ce ai ran nan azumi ya kama ta. Dariya muka yi a lokacin.

Wuri ɗaya na san Inna tana ci ba ta jira ka ba, shi ne cikin mota. In za ka kai ta ganin gida Babban Mutum, sai ta ƙulle kwano a ɗankwali ta ɗora a cinya, ana fita gari ta kwance ta hau ci, tana miƙo mana namu a baya ta ƙaramar tagar nan. Kai ka ba ta wannan fatawar, ka ce a hanya babu maigida, kowa matafiyi ne. Ba ka magana in kana tuƙi, ita kuma bakinta ba ya hutawa, ta ci ta ba da labari ta ba kanta amsa. Tafiyar ba ta sauri, don ba ka iya wuce mutum a bakin titi. Ko motar ta cika har tana nishi, in tsoho ya ɗaga hannu sai ka taka birki ka ce mu matsa. Inna ta yi ta ƙorafin rana za ta faɗi ba mu isa ba, kai kuwa ko a jikinka.

A wannan hanyar ka koya min tuƙi ina 'yar sakandare, mutanen unguwa suna cewa Malam Sule ya rasa yaron mota sai 'ya mace. Ka hana ni kallon allurorin gaban sitiyari, da ma rabinsu sun daɗe da mutuwa. Ka ce in saurara kawai, in ta fara kuka ta hanci in canja giya, in ta yi tari in sassauta mata. Ban san ranar da karatun nan zai yi min ba sai bayan ka tafi.

Bayan rasuwarka Inna ta yi takaba da hankalinta. Daga baya ne abin ya fara shigowa a sannu. Yanar ido ta rufe mata gani, sai dai ta bambance haske da duhu. Kunne ya yi nauyi. Sai mantuwa. Likita ya kira abin da wani dogon suna, mutanen gida suka ce gigin tsufa ne. Ta manta aurena ya mutu na dawo gida, ta manta sunayen 'ya'yan Yaya, ta manta ka rasu. Da magariba sai ta zauna a bakin gado ta juya fuska wajen bango. In na kai abinci ta ce, “Malam bai dawo ba.”

Yaya Kabiru, ka san halinka ya ɗauko, ba ya iya ɓoye gaskiya. Ya zo daga Katsina ya durƙusa gabanta ya gaya mata. Baba, gara da ba ka ga wannan ranar ba. Ta yi salati, ta zube, ta yi kukan da ko ranar jana'izarka ba ta yi ba, ta ce a kawo mata kayan takaba. Washegari da magariba ta sake juyawa wajen bango ta ce Malam bai dawo ba. Da ya sake zuwa ya sake gaya mata, ta sake sabon kuka. Na ja shi zaure na ce in ya kuma kashe mata miji a gabana, ni da shi ne.

Allah ne Ya kawo mafita, ba dabarata ba. Wata yamma na ce bari in tayar da Gwaggo don kar batir ya mutu. Na zaga da ita ta bayan masallaci na dawo, na matsa jikin bango, ƙafata da kanta ta ba ta wuta sau biyu yadda na saba gani. Ina sa ƙafa a zaure na jiyo muryar Inna tar, irin ta da: “Uwani, ga Malam nan, a fitar da tuwo.” Na tsaya na yi kukana na share. Sannan na shiga na ɗauko kwanon.

Na zauna a kan buzunka na ci daga dama, na bar rabi a hagu, na tura nama ƙarƙashi. Da na kai mata ta laluba da yatsu, ta samu tsokar a inda take, ta yi murmushi ta ce, “Mutumin nan ba ya canjawa.” Ta cinye tas, ta sha ruwa, ta yi hamdala. In ta tambayi abin da ya hana ka shigowa, in ce kana tare da baƙi ko ka wuce masallaci, kafin a jima barci ya ɗauke ta. Haka muka ci damina, muka ci rani, muka sake shiga wata daminar. Yaya ya ce yaudara ce, in ji tsoron Allah. Na ce ina ji, kuma Allah Yana ganin kumatun Inna sun ciko.

Ana cikin haka Yaya ya sayi mota. Da kana nan da ka yi ta zagaya ta kana riƙe da haɓa. Fara ce sol, ba ta da makullin murɗawa, maɓalli ake dannawa. Ba ta da kuloci, ƙafar hagu hutu take yi. Rabi fetur take sha rabi lantarki, ga sanyi a ciki kamar randa, ga wani gilashi a gaba da ke nuna maka bayanka in za ka ja da baya. In ba ka ɗaura bel ba ta yi ta yi maka ƙara har ka ji kunya. Ba zan ci haƙƙinta ba, mota ce. Daga Katsina zuwa Daura ba ka jin rami ko ɗaya, kuma man da Gwaggo za ta shanye ta kai Mai'adua, ita sai ta yi ta yawo da shi har ka manta yaushe ka zuba. Gwaggo kuwa ka san halinta. Ƙofar fasinja sai da igiya, in ana ruwa sai mai zaman gaba ya riƙe leda a ka, hayaƙinta kuma ya ishi sauron unguwa gaba ɗaya.

Amma motar Yaya ba ta da murya. Tana shigowa lungu kajin maƙwabta ba sa ko ɗaga kai sai ya danna hon. Sau nawa ina tsakar gida sai dai in ga mutum tsaye a kaina, ban ji zuwansa ba. In ta tsaya sai injin ya kashe kansa. Na ɗaga bonet ɗinta sau ɗaya don mu gaisa da injin, na tarar an rufe komai da baƙar roba, babu inda za ka sa hannu. Abokinka Ɗanjuma bakanike ya leƙa ya ce wannan ba tasa ba ce, sai masu kwamfuta. Kai da ka taɓa maye gurbin fanbel ɗin injin da igiyar ɗaure akuya a dajin Baure ka kawo mu gida, ban san me za ka yi da ita ba.

Tun lokacin Yaya ya so a sayar da Gwaggo ga 'yan gwangwan, su yanka ta su auna. Ya ce duk inda Inna za ta je, ga mota. Na ce Inna ba zuwa wani wuri take so ba, dawowa take jira.

Ranar da abin ya faru ban yi nisa ba. Ina zagayen nan nawa na bayan masallaci na ji wata ƙara daga ƙasa, kamar ana buga taɓarya a turmin da babu komai. Ka taɓa gaya min in na ji wannan in kashe nan take. Na kashe, amma ɓarna ta riga ta auku. Mutanen unguwa suka turo ta har jikin bango, shiru, babu wuta babu rawar murafe. Na shiga da kwanon ragowa duk da haka. Inna ta ce, “Ragowar wa? Malam bai dawo ba.” Na ce ka dawo a ƙafa, motar ce ta lalace. Ta ce Malam ba ya baro Gwaggo a daji, in can ta kwana to can zai kwana. Kuma gaskiyarta.

Babu abin da ban gwada ba. Na kira Yaya ya zo ya manna sabuwar motarsa jikin bango ya taka totur har ƙasa. Wani siririn zuuu ta yi, ko ƙura ba ta faɗo ba. Na tuna ina da bidiyon Gwaggo a waya, muka ari lasifika muka sa a bayan ɗaki. Inna ta ce a gaya wa masu rediyon nan su rage. Muka jawo janareton maƙwabta muka jingina da bango, ta ce wa ya kawo injin markaɗe ƙofar gida. Har wani mai tifa na tsayar a titi na roƙe shi, ya shigo lungu da ƙyar, ya ba ta wuta, murafe suka kaɗa har ɗaya ya faɗo. Ta saurara, ta girgiza kai, ta ce wannan baƙo ne, a nuna masa hanya. Matar da ba ta tuna ko ta yi sallar la'asar, Baba, amma ba a canja mata muryar motarka.

Da dabara ta ƙare min, na laɓe a gefen kwanukan ina girgiza katakon da hannuna. Ta juyo ta ce, “Uwani, me kike nema a kayana?” Na saki katakon na zauna a ƙasa.

Da can tana shan kokon safe, don nakan ce mata ka karya ka fita. Yanzu shi ma ta ture. A lissafinta kana daji tun ranar, kai da Gwaggo, babu ci babu sha. Duk abin da ke zubewa daga kanta, wannan ɗaya ya maƙale ya ƙi fita. Na dama fura da nonon da take so, na yi dambu, na yi kunun tsamiya, na zauna a gabanta ina ci ina santi don ta yi sha'awa. Ta ce, “Mutum yana daji da yunwa, ni in zauna in ci?”

Da jikinta ya fara saki muka kai ta asibiti Katsina a motar Yaya. Ni da ita a baya, kanta a kafaɗata. Har muka isa ba ta san mun tashi ba, ta yi ta tambaya yaushe za a tafi. Da na ce ai mun iso, sai ta ce, “Abin da ake tafiya da mutum a ciki bai ji ba, ai makara ce.” Na hango Yaya ta madubi ya kau da kai.

An yi mata ƙarin ruwa. Likitar mace ce mai kirki, ba ta ɓoye min ba. Ta ce ruwa ba abinci ba ne, in Inna ba ta fara ci ba sai dai a zura mata roba ta hanci, kuma tsofaffi irinta fizge ta suke yi, sai an ɗaure musu hannu. Ka san Inna, Baba. Matar da ko ɗankwalinta ne ya zame a gaban surukai sai ta wuni tana jin kunya, ita za a ɗaure a gado? Na ce a ba ni lokaci. Ta ce lokacin ba shi da yawa.

Sai na koma kan Ɗanjuma. Ya tsufa, amma da ya ji dalili ya rufe garejinsa ya biyo ni. Ya buɗe injin ya ce ƙarafan ciki sun cinye juna, kuma irinsu an daina kawowa. Muka aika Kano, aka ce za a duba, har yau ana dubawa. Muka shiga kasuwar Mai'adua rumfa rumfa, wani ya yi dariya ya ce kakansa ne ya sayar da na ƙarshe. Daga baya wani mai awaki da ka saba ɗauko wa kaya ya ce ya san gawar irinta a wani ƙauye gaba da Babban Mutum, dab da iyaka. Muka hau babur muka je. Tana nan a bayan wani gida, babu taya, kaji suna ƙwai a kujerar direba. Mai ita da ya ji sunanka ya dafa ƙirji, ya ce kai ka taɓa tsayawa ka ɗauki matarsa tana naƙuda a bakin hanya. Ya ce mu kwance duk abin da muke so, har ya riƙe wa Ɗanjuma sifana.

Ɗanjuma ya haɗa abin da zai haɗu. Da ya gama ya goge hannu ya gaya min gaskiya. Ya ce za ta tashi, amma faci ne a kan tsumma. In tsaya a zagayena na bayan masallaci, kar in yi nisa, kar in bari ta yi zafi. In ta sake bugawa, ko kai ka dawo ba za ka tashe ta ba.

Jiya da yamma muka gwada. Batir ya yi sanyi, sai turi. Ka tuna yadda turin Gwaggo yake tara unguwa, mai shayi ya bar shayinsa, liman ya naɗe riga? Haka aka yi jiya. Kuma Yaya Kabiru, wanda ya ce yaudara ce, shi ne a tsakiya da farar shaddarsa, kafaɗa a jikin ƙarfe, yana cewa ku tura don Allah, ku tura. Na sa giya ta biyu na saki kuloci yadda ka koya min. Ta yi tari. Ta yi shiru. Ta sake tari, sannan ta kama. Baba, lungun nan ya cika da kai. Mata suna leƙowa ta katanga, wata har da guɗa. Na zaga na dawo, na matsa jikin bango na ba ta wuta sau biyu, ina jin murafe suna amsawa daga ciki. Na kashe na ruga, ko tsayawa a zaure ban yi ba.

Na tarar da Inna zaune a bakin gado. Matar da sai na ɗaga ta, ita ta tashi da kanta, ƙafafunta a ƙasa tana laluben takalmi. Na jira ta ce a fitar da tuwo. Ba ta ce ba. Ta ce, “Uwani, miƙo min mayafina. Ki ce wa Malam kar ya kashe, yau da ni za a tafi. Ki ƙulle min tuwon a kwano, a hanya zan ci.”

Na ce magariba ta yi, Malam ya gaji, sai da safe. Ta ce to, amma ta ƙi cire mayafin. Na ƙulle kwanon a ɗankwali na ɗora mata a cinya, ina fatan ƙamshin miya zai ja ta. Ta rungume shi da hannu biyu ba ta kwance ba. Haka barci ya ɗauke ta, haka na same ta da asuba, kuma abin da ta fara tambaya shi ne ko an zuba wa motar ruwa.

Ban san yadda zan ɗauki maganarta ba, kuma ina tsoron abin da zuciyata take gaya min. Yaya da ya ji ya fita waje ya kifa kai a jikin motarsa ya yi ta kuka. Ni ban yi ba, don in na fara babu mai tuƙi.

Ga abin da muka yanke. In hantsi ya yi za a sake turi. Zan sa tsohuwar rigarka ta aiki, wadda har yanzu take warin baƙin mai, in zauna a kujerarka in yi shiru, tunda da ma ba ka magana a kan tuƙi. Yaya zai ɗauko Inna ya sa ta a gaba ya ɗaure ƙofar da igiya. Na sake mata sabon tuwo a kwanon. Zan ɗauki hanyar Babban Mutum a hankali. Shi kuma zai biyo mu a baya da tasa motar, da Ɗanjuma da jarkar ruwa, in Gwaggo ta faɗi ya kwashe mu. Inna ba za ta san yana bin mu ba. Yau ce rana ta farko da na gode wa Allah da motar nan ba ta da murya.

Ɗanjuma ya ce hauka ne, ba za ta kai ko rabin hanya ba, kuma in ta mutu yau, gobe da magariba babu abin da zai kaɗa murafe. Na sani. Ni ma ba Babban Mutum nake nema ba. Inna ba ta kwance kwanonta sai an fita gari, sai ta ji kwalta ta miƙe, iska ta fara shigowa ta taga. Nan kawai nake so mu kai. Loma kaɗan nake roƙo, Baba, don na san in ta fara cikinta zai tuna. Abin da zan yi gobe ban sani ba, ba ni ma da ƙarfin tunaninsa.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne hannunta. Ka san in ta ɓare maka goro, a kan giya take neman hannunka ta sa maka. In ta taɓa ta ji nawa ne, ban san ko kuka za ta yi ba, ko mayar da murfin kwanon za ta yi. Tun da safe na shafa baƙin mai a hannuna, sai ka ce wannan zai mayar da shi naka.

Na rubuta maka a bainar jama'a ne don ko Allah zai sa wani mai karantawa yana da irin Gwaggo a bayan gida, ko injinta kawai, ya dakata kar ya ba 'yan gwangwan. Duk wanda ya san ka a tashar Daura zai nuna masa gidanmu. Ga masu turi nan sun fara taruwa a ƙofa, ina jiyo muryar liman, zan ajiye wayar.

Ya Allah, Ka san ban yi wannan don wasa da mahaifiyata ba. Ka riƙe min injin nan har ta buɗe kwano. Ka sa abincin ya zauna a cikinta. Ka jiƙan Baba, Ka gafarta masa, Ka saka masa da alherin duk wanda ya taɓa ɗauka a bakin hanya. Amin.

Kai kuma Baba, na san abin ba a hannunka yake ba, na san ba ka ji na, amma sai na faɗa. Duk tsawon rayuwarka ba ka taɓa wuce wanda ya ɗaga maka hannu ba, ko motar ta cika. Inna ta yafa mayafi, ta sa takalmi, ta ɗaga maka hannu. Don Allah wannan karon kar ka taka birki. Ka wuce. Ba mu gama da ita ba.

Wassalamu alaikum.

'Yarka mai kewarka,
Uwani,
daga Daura.